Fentin mai bai san abin da ake zanawa da shi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata magana da ta zama ruwan dare tsakanin masu koyon zane da fentin mai da kuma masu sayen aikinsu. Wai zane iri uku ne da ba su haɗa hanya ba. Akwai zanen siffa, wato mutum ko dabba ko wani abu da ido zai gane. Akwai zanen fuskar wani takamaiman mutum. Sai zane marar siffa, wanda launi ne da layi kawai, ba ya kwaikwayon komai. Daga nan sai a yanke hukunci cewa fuska aikin gwanaye ce, marar siffa kuwa mafakar wanda bai iya ba ne, ya watsa fenti ya ce fasaha ce. Wannan rabon ne ke sa matasa masu hannu ɓarnar kaya da lokaci. Yadda fenti yake bushewa a kan kumatun mutum haka yake bushewa a kan baƙin murabba'i, kuma idon mai kallo haske da duhu yake fara gani kafin ya tantance ko fuska ce a gabansa.

A babban gidan adana zane na ƙasa da ke Landan akwai zanen wani ɗan kasuwa mai suna Arnolfini da matarsa, wanda Jan van Eyck ya yi a 1434 a kan katako, da siraran shafe-shafe hawa kan hawa. Shekara kusan 600 ke nan, amma koriyar rigar matar har yau kamar jiya aka shafa ta. A gidan Tretyakov na Mosko kuma akwai baƙin murabba'in da Kazimir Malevich ya zana a 1915. Ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, har launukan ƙarƙashi suna leƙowa ta tsagun, don a kan wani zane mai launuka ya ɗora baƙin. Babu hanci ko ido a cikinsa da za a ce ya karkace, amma mai bai yafe masa ba.

Fentin mai ba ya bushewa irin bushewar wanki. Ba wani ruwa ne ke tashi ya bar garin launi ba. Man ne ke shan iskar oksijin ya daskare a hankali ya zama fata, kuma daga sama yake farawa ya gangara ciki. Shi ya sa za a taɓa zane bayan kwana 2 zuwa 12 a ji ya bushe, alhali cikinsa na nan da taushi har wata 6, mai kauri ma ya kai shekara. Launukan kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. Ruwan ƙasa na amba yakan kama cikin kwana ɗaya ko biyu saboda manganis da ke cikinsa. Rawayar ƙasa ta oka da shuɗin altramarin sukan kai wajen kwana biyar. Ja da rawaya na kadmiyom, da baƙin da ake yi da ƙonannen ƙashi, da farin titaniyom, su ne masu nawa, suna iya wuce mako. Duk wanda ya ɗora mai saurin kamawa a kan mai nawa tun na ƙasan bai tsaya ba, ya riga ya shuka tsaga, lokaci kawai take jira.

Daga nan aka samo ƙa'idar da kowane mai wannan sana'a ke nanatawa, cewa mai ya riƙa ƙaruwa ana hawa sama. Shafin farko siriri ne, a tsinka shi da ɗan tafentain ko tina na masu zane, ba tinan fentin mota ba. A shafi na biyu a haɗa kashi ɗaya na man linsid, wato man da aka fi dama fentin da shi, da kashi biyu na tina. A na uku a yi su daidai wa daida. A na ƙarshe mai ya zama kashi biyu, tina ɗaya. Duk abin da za a zuba kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na fentin da ake damawa. In tina ya yi yawa garin launi ya rasa abin riƙe shi, ya bushe dishi-dishi, yatsa ma ya goge shi. In mai ya yi yawa sai shafin ya yamutse, ya yi rawaya, wani lokaci ya gangaro da hawaye.

Yadin da za a zana a kansa, na auduga ne ko na lilin, kada mai ya taɓa zarensa kai tsaye, don da shekaru yakan ci shi ya rududduge. A shafa masa jeson akirilik, wato farin shafin share fage da ke raba yadi da fenti, sau uku ko huɗu, kowane shafi ya gicciye wanda ya gabace shi, a goge da samfefa mai laushi a tsakani, sannan a bar shi kwana uku. Fentin mai yana zama a kan akirilik, amma akirilik a kan mai ɓarewa yake yi. Bayan haka a kashe farin. Farin yadi yana yaudarar ido, duk launin da aka sa masa sai ya yi kamar ya fi duhu, mai zane ya yi ta ƙara fari, a ƙarshe komai ya fito kamar an barbaɗa alli. A tsinka amba a shafe yadin gaba ɗaya, a goge da tsumma har ya zama tsaka-tsaki, a bar shi ya kwana biyu.

Yanzu ne ake fara aikin da ya haɗa iri ukun nan. Kafin a taɓa wani launi, a kasa duk abin da za a zana gida uku: mai haske, tsaka-tsaki, da mai duhu. Mai zane ya kanne idanunsa har ƙananan abubuwa su ɓace, manyan yankuna kawai su rage, ya fitar da su a takarda ƙarama kamar tafin hannu. In tsarin bai tsaya a wannan ƙaramar takarda ba, ba zai tsaya a yadi mai mita biyu ba. Tun ran gini tun ran zane.

A zanen siffar mutum, kai shi ne ma'auni. Babban mutum a tsaye yakan kai tsawon kansa sau bakwai da rabi, rabin tsayinsa kuma yana faɗawa ne a inda ƙafafu suka rabu, ba a cibiya ba. Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, wuyan hannu yana sauka daidai saman cinya, tafin hannu daga wuyansa zuwa kan yatsa ya kusa tsawon fuska. Masu koyo kusan kullum suna ƙanƙanta hannu da ƙafa saboda tsoron zana su. Ana auno da ƙotar burushi, hannu a miƙe sarai, ido ɗaya a rufe, daga wuri ɗaya kowane lokaci. Da an lanƙwasa gwiwar hannu awon ya tashi daga aiki. Abin da ya fi awo muhimmanci shi ne nauyi. In mutum ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ɗan ramin da ke ƙasan maƙogwaronsa yana saitin idon sawun wannan ƙafar, kwankwason wannan ɓangare ya ɗaga, kafaɗar kuma ta sauka. In aka rasa wannan, komai kyan rigar da aka zana, mutumin zai yi kamar yana shirin faɗuwa. Tufafi ma a kan jiki suke rataye, don haka a fara sanin inda kafaɗa da gwiwa suke kafin a bi lanƙwasar yadi, kuma cikin lanƙwasa goma uku sun isa.

Fuska ce aka fi yi wa gaggawa. Mai koyo yakan fara da ido ɗaya, ya gama shi har gashin ido, sannan ya gano cewa sauran kan ba zai shiga inda ya rage ba. Kama ba a ido take ba. Ana gane ɗan'uwa daga nesa tun ba a ga ƙwayar idonsa ba, da fasalin kansa, da yadda yake ɗauke da shi a wuya, da inuwar da ke kwarmin idonsa da ƙarƙashin hanci da ƙarƙashin leɓen ƙasa. Waɗannan ake fara sawa, da burushi mai faɗi da taurin gashi, wanda ba zai bari a yi ƙananan abubuwa ba ko an so.

Awon da ake farawa da shi sananne ne. Idanu suna tsakiyar kai tsakanin tsakar ka da haɓa, ba sama ba kamar yadda hannu yake son sa su. Daga gaban gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa haɓa, kusan kashi uku ne daidai. Tsakanin idanu biyu akwai faɗin ido ɗaya. Kunne yana tsakanin gira da ƙasan hanci. Amma wannan awon na kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Amfaninsa shi ne a ga inda wannan mutumin ya saɓa masa, doguwar haɓa ko faɗin goshi ko idanu da suka matsu, domin a wannan saɓanin kamarsa take.

Hasken ya zo daga wuri ɗaya, ta gefe kuma daga ɗan sama. In aka daidaita shi sosai, kuncin da ke cikin inuwa zai sami ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido, irin wanda ake dangantawa da Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan. Haske biyu ko uku suna goge inuwa su bar fuska shafal. Wanda ake zanawa ya zauna minti 20 zuwa 25 ya huta biyar, a yi alama da alli a inda ƙafafun kujera da nasa suke, a kuma ba shi abin da zai kafa wa ido a bango. In da hoton waya za a yi aiki, a ja baya mita biyu ko uku kafin a ɗauka, don ɗaukar kusa tana kumbura hanci ta ƙanƙance kunnuwa. Kamara kuma tana cushe inuwa ta mai da ita baƙi wuluk, alhali ido yana ganin launi a cikinta. Mai kwafar hoto yadda yake, har kuskuren na'urar yake kwafa.

Launin fata ba ya bukatar bututu ashirin. Ana danganta wa Anders Zorn, ɗan ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920, aiki da huɗu kawai: fari, rawayar oka, ja, da baƙi. Baƙin nan in ya haɗu da fari yakan ba da toka mai sanyi da ido ke ɗauka shuɗi-shuɗi ne idan tana kusa da ja. Mai koyo da ya yi wata uku da waɗannan huɗu zai fi wanda ya sayi akwati guda sanin fata. Ga fata mai duhu kuwa kuskure biyu aka fi yi. Na farko a ɗauki ruwan ƙasa ɗaya a ƙara masa baƙi don inuwa, sai ta fito kamar laka. Na biyu a ƙara masa fari don haske, sai ta yi furu-furu kamar ta marar lafiya. Inuwa ana haɗa ta da ƙonannen amba da altramarin da ɗigon ja mai duhu. Tsaka-tsakin yana son ƙonanniyar siyena, wato ruwan ƙasa mai ja-ja, da oka da ja. Ƙyallin goshi da karan hanci da ƙashin kunci kuwa launin abin da ke haska mutumin yake ɗauka, in sararin sama ne sai ya karkata zuwa shuɗi ko shunayya. Baƙar fata ta fi kowace nuna wannan ƙyallin, kuma a nan kyanta yake a fentin mai.

Inuwa ta zama siririya, launin ƙasa yana ɗan lumfashi ta cikinta, haske kuma ya zama mai kauri. Farin ido ba fari ba ne, toka ce da fatar ido ta sama ke yi wa inuwa, haƙora ma haka. Wanda ya sa musu fari daga bututu zai sami fuskar da ke firgita yara. Kada kuma a zagaye leɓe da hanci da layi. Wasu bakunan a bar su da kaifi, kamar inda muƙamuƙi ya rabu da wuya ta gefen haske, wasu a narkar da su, kamar inda gashi ya shiga duhun baya. In kowane baki yana da kaifi, kan zai yi kamar an yanko shi da almakashi an manna. A riƙa ja baya taku huɗu ko biyar ana dubawa, a kuma duba aikin ta madubi, wanda ba ya jin kunyar nuna idon da ya fi ɗan'uwansa hawa. In kai ya lalace, a kankare shi da wuƙar fenti tun yana ɗanye a sake. An san gwanin zanen fuska John Singer Sargent da yin haka sau da yawa a kan fuska ɗaya, kuma ba rashin iyawa ke sa shi ba.

Zane marar siffa duk waɗannan kayan yake amfani da su, sai dai an cire masa sandar dogarawa. A zanen fuska, in launi ya ɗan kauce, kamannin mutumin suna rufa asiri. A nan babu mai rufawa. Waɗanda suka buɗe wannan hanya ma ba daga sama suka faɗo ba. Hilma af Klint ta Suwidin, wadda ta fara irin wannan aiki a 1906, ta yi karatun zane a makarantar fasaha ta Sitokhom, tana zana fuskoki da tsirrai. Piet Mondrian ya yi shekaru yana zana bishiya, daga 1908 zuwa 1912 ana ganin rassan suna raguwa a hannunsa har suka koma layuka. Abin da ya sani game da yadda reshe yake raba sarari shi ne ya bi shi cikin murabba'ansa.

Mai son gwadawa ya fara da tsayar da abin da zai yi mulki: launi ɗaya da zai ci fiye da rabin fili, na biyu da zai bi masa, na uku ɗan kaɗan a inda ake son ido ya tsaya. In aka ba ja da kore fili daidai da ƙarfi daidai, faɗa za su yi ta yi ido ya gaji. Yankunan su bambanta da girma, manya da matsakaita da ƙanana, kuma wuri mafi tsananin bambancin haske da duhu ya zama ɗaya tak. A juya yadin ƙasa ta koma sama a duba, sannan a kwantar da shi ta gefe. In wani ɓangare ya yi nauyi, a nan zai fito. A ɗauki hotonsa a mayar baƙi da fari. In komai ya koma toka iri ɗaya, launuka ne suke ta hayaniya ba tare da ƙashin baya ba.

A wannan irin aikin ne aka fi samun caɓi, wato launuka su cakuɗe su koma kamar laka, don hannu yana sake. Caɓi yana zuwa ne daga haɗa launi fiye da uku wuri guda, ko daga ci gaba da dama kishiyoyi kamar shuɗi da ruwan goro a kan yadi, ko daga burushi ɗaya da ake shiga da shi duhu a fito a shiga haske. A ware burushin haske da na duhu, a dama launi da wuƙa a kan faranti, a ɗora shi sau ɗaya a ƙyale shi. Masu son tudun fenti su sani cewa in aka labta shi a zama ɗaya, sama zai yi fata ya rufe na ciki, daga baya ya tattare kamar fatar tsoho. A gina shi hawa-hawa, milimita biyu ko uku a lokaci guda, a jira ya kama. Aiki mai kauri sosai ya fi zama lafiya a kan katako da aka yi wa jeso, don yadi yana motsi da zafi da danshi, busasshen fenti kuwa ba ya bin sa.

A riƙa karanta jikin bututu, ba sunan launi kawai ba. Farin titaniyom lambarsa PW6, na zink PW4. Na zink yana da kyan gani amma in ya tsufa yakan yi gautsi ya ɓare, don haka kada a sa shi a shafin ƙasa. Jan alizarin na asali, PR83, yana kodewa in an tsinka shi da fari, kuma shi ake yawan sawa a leɓe da kumatu. A nemi alamar jure haske ta I ko II. Bangon ɗakin kwanan da Vincent van Gogh ya zana a 1888 shunayya ne tun asali, jan da ke ciki ya kode, yau shuɗi ake gani. Farin dalma da launukan kadmiyom da kobalt guba ne, kada a goge su da samfefa a shaƙi ƙurar, kada a sa ƙotar burushi a baki, a kuma bar taga a buɗe saboda tina. Tsumman da ya sha man linsid in aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, don haka a shanya shi a buɗe ko a nutsar da shi cikin gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi.

Wani lokaci bayan zane ya bushe sai a ga wasu wurare, musamman masu duhu, sun dushe. Shafin ƙasa ne ya tsotse man na sama. In za a ci gaba da aiki a wurin, a shafa ɗan mai kaɗan da tsumma marar gashi a goge shi har kusan babu. Zanen da aka ajiye cikin duhu kuma yakan yi rawaya, 'yan kwanaki a ɗaki mai hasken rana, ba cikin rana tsaka ba, suna dawo da shi. Banish na ƙarshe, wato shafin kariya mai sheƙi da ake rufe zane da shi, sai bayan wata 6, mai kauri shekara guda, kuma ya zama irin wanda ake iya cirewa, siriri, da burushi mai faɗi, zanen a kwance a wurin da babu ƙura. Wanda ya matsu ya miƙa aiki kafin lokacin ya yi amfani da siririn banish na wucin gadi, ya rubuta a bayan katakon ranar da ya gama da irin man da ya yi aiki da shi, don mamallakin zanen ko wanda zai gyara shi nan gaba ya san ranar da za a shafa na dindindin.

Wassalam.

Naku,
Wani mai koyar da zanen fenti